Lambar da ke jikin kwalin SSD ba ita ce gudun laftof ɗinka ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata ya shigo min shago a Yelwa fuska a murtuke, laftof a jakar goyo, ko zama bai yi ba yace Kawu dan Allah ka taya ni yi wa Umma magana ta cika min kuɗi in canza sistem, wannan kam ta gama yawo. Nace me ya same ta? Yace ai ya kai ta wani shago can wajen Wunti, mai shagon ko kunna ta bai yi ba, juya ta kawai yayi ya kalli bayanta yace wannan ai zamaninta ya wuce, yanzu duniya ta koma NVMe, wato wani nau'in SSD, ma'ajiyar bayanan kwamfuta mai sauri, ya miƙa hannu ya ɗauko wani kwali ya nuna masa 7000 an rubuta ɓaro-ɓaro, wato gudun mega 7000 a daƙiƙa, yace ka ga wannan? Taka da ƙyar take kai 100. Ka bar min ita ka cika kuɗi in ba ka mai ɗaukar irin wannan.

Abin ya ba ni haushi wallahi. Kuma ba wai ƙarya mutumin yayi ba, lambobin da ya faɗa duk haka suke, shi ne ma abin da ya fi ɓata min rai. Da gaskiyar ya so ya raba Umman yaron, malamar firamare, da albashinta na wata da watanni.

Na fi shekara goma ina wannan sana'a ta buga takardu da fotokwafi da ɗaure furojet ɗin ɗalibai, kwamfutoci nawa suka mutu a hannuna nawa na tayar ban san iyaka ba. Matsayata a kan wannan magana guda ɗaya ce: ga irinmu masu tokumbo, ɗalibi ne ko malami ko mai shago ko ma'aikacin ofis, tsallen da ke canza maka rayuwa shi ne daga had dis zuwa SSD, kowane iri ne in dai na gaske ne. Daga nan zuwa sama, wato daga 550 zuwa 3500 zuwa 7000, yawancinmu kuɗi kawai muke ƙarawa ba ma ganin komai a ƙasa. Kuɗinka ka sa shi a kan ingancin kaya da girmansa, ka bar wa mai talla lambarsa.

Wai meye ma bambancin?

A taƙaice dai. Had dis faifai ne na gaske a ciki yana juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu kamar allurar garmaho yana kai-komo a kansa yana neman inda aka ajiye abu. In ka kara kunnenka a jikin laftof za ka ji shi yana ɗan ƙas-ƙas. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, dangin ma'ajiyar wayarka ne da falash, sai dai ya fi su ƙwari nesa ba kusa ba.

Shi SSD ɗin kuma gida biyu ne. Akwai SATA, wanda ke shiga daidai gurbin da ka cire had dis, iyakar gudunsa wajen mega 550 a daƙiƙa, ba don raggo ba ne, hanyar ce iyakarta kenan. Akwai kuma NVMe, ɗan siriri kamar cingam, mai shiga wani gurbi da ake kira M.2 a jikin madabod, wato babban allon cikin laftof, na ƙarni na 3 yana kai wajen 3500, na 4 wajen 7000. Shikenan karatun.

"To ai 7000 ya ninka 550 fiye da sau goma"

Ya ninka, a takarda. Amma gudun me aka auna?

Wannan babbar lambar gudun kwashe ƙaton fayil guda ɗaya ne a miƙe, kamar a loda wa tirela buhunan masara ta hau titin Gombe babu tsayawa babu shinge. To ka tambayi kanka yaushe rabonka da loda tirela. Abin da laftof ɗinka take yi tun daga kunnawa har kashewa cefane ne. Windows zai tashi, sai ya tattaro dubban 'yan ƙananan fayiloli daga nan da can. Ka buɗe Word, haka. Ka buɗe Chrome, haka. Had dis kamar yaro ɗaya ne ka aika Muda Lawal, tattasai a wannan layi, manja a can ƙarshe, daddawa sai ya dawo baya, kowanne da ƙafa zai taka, kuma kafin ya dawo an sake aikensa sau hamsin. SSD kuwa duk kayan miyan a faranti ɗaya suke a gabanka, hannu kawai za ka miƙa. Had dis kan ɗauki sama da kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya lalubo abu ɗaya, SSD kuwa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na wannan lokacin. Nan ne asirin yake, kuma SATA da NVMe duk suna da shi.

Wanda yake son gani da idonsa, akwai wata 'yar manhaja kyauta, CrystalDiskMark. In ka gwada za ta fito maka da layi huɗu. Layin sama shi ne na tirela, shi ne masu kwali ke bugawa. Kai ka sauko layin ƙarshe, na ƙananan fayiloli ɗaya bayan ɗaya. A nan had dis da ƙyar yake kai mega 1. SSD na SATA zai ba ka wajen 30 zuwa 40. NVMe ɗin da ake ta kuranta wa, wajen 50 zuwa 80. Ka duba da kyau: daga had dis zuwa SATA an ninka maka sau talatin ko fi, daga SATA zuwa NVMe da ƙyar aka ninka sau biyu. Kuma ninki biyun nan a kan abin da dama ƙiftawar ido ne.

Ina da kwamfuta biyu a shago kusa da juna, ɗaya SATA ɗaya NVMe. Yaran da ke min tayipin har yau babu wanda ya taɓa cewa ga wadda ta fi sauri, rigimarsu kullum a kan wadda kibod ɗinta ya fi laushi ne.

Sannan ka tuna kayan daga ina suke shigowa. Fim ɗin da kake saukewa da datar waya, ko tsohon had dis ma jiransa yake yi yana hamma. Falash ɗin da ɗalibi ya kawo maka, in na USB 2.0 ne da ƙyar ya wuce mega 30. Ka sa SSD mai 7000 a ciki, falash ɗin ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. Randa komai faɗin bakinta, abin da famfo ya ɗigo shi za ta tara.

Wani abin da masu shago ba sa son tsayawa su bayyana shi ne, laftof ɗinka ce ke yanke hukunci ba SSD ɗin ba. Ka sayi mai 7000 ka sa a laftof mai gurbin ƙarni na 3, zai yi aiki lafiya lau, amma a 3500 zai tsaya, ragowar kuɗinka sadaka ka yi wa kamfani. Kuma ba duk siriri ne NVMe ba, akwai M.2 da yake SATA ne a ciki, yawanci za ka gan shi da tsaga biyu a bakinsa, NVMe kuma yawanci tsaga ɗaya. Wasu laftof ɗin ɗaya kawai suke karɓa a cikin biyun. Na sha ganin wanda ya sayo ya zo ya zura, ya shiga tsaf, aka kunna kwamfuta tace ita ba ta ga kowa ba. Kafin ka fitar da sisi, ka rubuta cikakken sunan laftof ɗinka a intanet ka ga me take ɗauka.

In faɗi gaskiya kuma, kar a ce na tsani NVMe. In laftof ɗinka tana da gurbinsa kuma ka tarar kuɗinsa da na SATA kusan ɗaya ne, wanda yanzu sau da yawa haka ne, to ɗauki NVMe mana, wa zai ƙi ƙari a kan ciniki. Abin da nake ƙi shi ne a sa ka ninka kuɗi, ko a sa ka rabu da laftof mai lafiya, saboda wata lamba. Masu buƙatarsa da gaske na san su: masu ɗaukar bidiyon biki da ke dawowa daga kamu da walima da giga ɗari biyu a kati, su zauna suna yanka suna haɗawa har asuba. Su kam tirela suke lodawa kullum, su saya, halak ɗinsu ne.

"Ni had dis ɗina tera ɗaya ne, ya zan koma 256?"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta sa har gobe ake sayar wa mutane wahala. Mutum zai shiga shago tambayarsa biyu ce, Core i nawa ce, kuma giga nawa ce. Sai a nuna masa i7 mai had dis tera ɗaya, a gefe ga i5 mai SSD 256, ya ɗauki ta farkon yana murna ya yi wa mai shago wayo. Bayan sati biyu ya kawo min ita wai a yi mata fomat tana hangin. In buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna nauyin da ke kan kowane ɓangare, in nuna masa, furosesa na zaune abinsa a kashi 8, ram da saura, Disk kuwa ya kafe a 100% ja-wur. Doki ne na sukuwa aka ɗaura wa amalanke.

Amma kuma ba zan ce maganar wuri banza ce ba. Mutanenmu suna tara kaya, tafsirin azumi na shekara da shekaru, finafinai, hotunan suna da na biki, littattafan da aka sauke ba a taɓa buɗewa ba. To ai babu wanda yace ka zubar da tsohon had dis ɗin. Ka sai masa kesin na USB, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya koma rumbunka na waje. In laftof ɗin tsohuwa ce mai wurin saka faifan DVD, wanda na tabbata ka manta rabonka da buɗe shi, akwai wani ƙarfe da ake kira kadi, a zare na DVD ɗin a zura had dis a wurin, ka tashi da biyu a ciki. Fim ba ya buƙatar gudu, a had dis ma lafiya yake kallo.

Girma kuwa, ni ra'ayina 128 wahala ce, kar ka saya ko an rage maka. Windows da sabunta kansa da Office da 'yan manhajoji za su cinye fiye da rabi, kuma SSD ba ya son a cika shi maƙil, in ya cika sai ya fara nauyi, gara kullum ka bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar fili. 256 zai riƙe mai tayipin da bincike. 512 shi ne inda hankali ke kwanciya. In kuɗin hannunka zai sai maka ko dai 256 mai gudun 7000 ko 512 mai gudun 550, ɗauki 512 ka tafi gida, bayan wata shida za ka yi min addu'a.

Af, kuma kar ka koma shago da faɗa in ka sayi 256 ka ga Windows ya nuna 238, ko 512 ya nuna 476, ko tera ɗaya ya nuna 931. Ba a sace maka komai ba, kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, Windows kuma da 1024. Na taɓa raba wannan rigimar har an fara cire hula.

"An ce SSD ƙarewa yake yi, kuma mutuwar fuju'a yake yi"

Rabin maganar gaskiya ce, rabi kuma tsoro ne kawai.

Gaskiya ne SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka, kamfanoni ma suna rubuta shi, suna ce masa TBW. Mu yi lissafi. Samsung 870 EVO mai giga 500, an ba shi tera 300. Mu ƙaddara kullum ta Allah kana rubuta giga 20 a kansa, wanda ɗalibi ko mai shago da wuya ya kai. A shekara tera 7 da ɗoriya kenan. Ka raba 300 da wannan, shekara arba'in ta wuce. Ko Kingston A400 mai 240, na talakawa, da aka ba shi tera 80, a wannan lissafin ya haura shekara goma. Kafin nan hinjin laftof ɗin ya karye, batir ya kumbura, sikirin ya yi layi, kai ma ƙila ka aurar da 'ya.

Had dis ɗin da ake ganin kamar shi ne mai juriya kuwa, ka tambayi duk injiniyan da ke gyara a garin nan me ya fi kashe shi. Faɗuwa da girgiza. Ɗalibi ya rufe laftof bai jira ta mutu ba ya cusa a jaka ya haye keke daga Gwallameji, faifai na juyawa a ciki ana faɗawa ramuka. Ko yaro ya ja wayar caja ta sulmiyo daga kan katifa. SSD duk wannan bai dame shi ba, ga shi ba ya cin batir sosai, ba ya ƙara.

Inda masu tsoron suka yi gaskiya shi ne salon mutuwar. Had dis yakan yi jinya, ya fara ƙara, ya fara nauyi, ya ba ka kwana biyu ka kwashe kayanka. SSD sau da yawa ba ya sallama, jiya lafiya, yau ka kunna babu shi, kuma ciro kaya daga mataccen SSD aiki ne da ya fi ƙarfin yawancin masu gyaranmu. Ko fayil ka goge bisa kuskure ka zubar da kwandon shara, a had dis akan yi dabara a dawo da shi, a SSD yawanci ya tafi kenan domin shi share wurin yake yi da kansa. Kuma ba abin da za ka cika da hotuna ka jefa a akwati shekara da shekaru babu wuta ba ne, wannan aikin had dis ya fi dacewa da shi.

To amma maganin wannan ba zama da had dis ba ne. Duk wanda furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yake wuri ɗaya tak, ko a kan me yake, da wuta yake wasa. Google Drive giga 15 yake bayarwa kyauta, babi biyar ɗinka da duk hotunansu ko rabin giga ba su kai ba. Na ga ƙato da gemu yana hawaye a shagon nan saura kwana huɗu difens, kuma had dis ne ya yi masa, ba SSD ba.

Inda ake cutarmu da gaske

Duk wannan musun na SATA da NVMe, wallahi ba shi ne matsalarmu a Bauchi ba. Matsalarmu jabu.

Bari in tona wa kaina asiri. Bara waccan wani mai talla a waya ya sa SSD tera ɗaya a kuɗin da ko 256 na kirki ba zai saya ba. Kwali mai sheƙi, sunan wani babban kamfani a jiki. Na san araha ba ta ado, amma kwaɗayi ya ja ni nace a turo biyu, aka sa min a mota na je tasha na karɓa. Na sa ɗaya, Windows ya nuna 900 da wani abu, gudu ba laifi, har na fara yi wa maƙwabcina mai gyaran waya burga. Sai da na fara tura masa tsofaffin ayyukan shago, ya wuce giga ɗari da 'yan kai, sai na lura fayilolin da na tura daga baya sunansu na nan, girmansu na nan, amma in ka buɗe babu komai sai shirme. Na sa masa H2testw, wata manhaja da ke cika ma'ajiya taf da bayanai sannan ta bi ta karanta ta ga ko suna nan, ta kwana tana yi, da safe ta nuna min abin da ke ciki na gaske bai wuce giga 120 ba, sauran duk ƙarya aka koya masa ya riƙa faɗa. Haushi ya sa na sa wuƙa na ɓalle na biyun. Fanko ne, iska ce a ciki, sai wani ɗan allo da bai kai akwatin ashana ba an manna shi a lungu da gam. Mai tallan kuwa lambarsa har yau a kashe.

Shi ya sa nake cewa tambayar farko ba "gudun nawa ne" ba ce, "na waye, kuma wa zan riƙe in ya lalace" ita ce. Kamfanonin da ke ƙera ainihin ƙwayar ma'ajiyar nan a duniya ba su da yawa, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Micron da SanDisk na Amurka, Kioxia na Japan, sai YMTC na Sin. Duk sauran sunayen da kake gani a wurinsu suke saye su haɗa, wasu su sayi mai kyau, wasu su kwashi wanda aka tace aka zubar. Akwai ƙananan kamfanoni masu kaya na ƙwarai, ban ce babu ba, amma sunan da ka nema a intanet ka rasa ko shafinsu, ka bar musu abinsu.

Garantin shekara 5 ko 3 da ke jikin kwali kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, daga nan Bauchi wa za ka kai wa? Garantinka na gaske shi ne mai shagon da gobe za ka same shi a inda ka bar shi. Ka sa ya rubuta maka rasit da lambar jikin SSD ɗin, ku yi magana a kan kwana nawa zai karɓa in ya ba da matsala, kuma a cikin kwanakin nan ka yi masa gwajin H2testw kafin ka ɗora masa amanar kayanka.

Wani ra'ayin nawa da na san wasu ba za su so ba: SSD na hannu da aka ciro daga tokumbon laftof ɗin ofisoshin Turai, sau da yawa ya fi min sabo dal marar asali. Yawanci na waɗancan manyan kamfanonin ne, babu kwali babu ado sai farar takarda a jiki. A sa shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyarsa kashi nawa, awa nawa ya yi a kunne, tera nawa aka rubuta a kansa. In lafiyarsa ta haura 90 ni ina ɗauka. Sai dai ka yi hattara da wanda jikinsa duk ya goge amma yana nuna awa 3, akwai masu hannu da ke mayar da wannan agogon baya kamar yadda ake yi wa mota.

Ko a cikin na gasken ma akwai hawa-hawa, kuma kwali ba zai gaya maka ba. Samsung suna da 870 EVO suna da 870 QVO, harafi ɗaya ne tsakani, a kwali gudunsu kusan ɗaya, amma QVO ƙwayarsa irin wadda ake cusa wa bayanai da yawa ce don a yi araha, in ka ɗora masa ƙaton kwafi zai fara da gudu, can tsakiya sai ya sauko kusan tafiyar had dis. Ga mai tayipin wannan ba komai ba ne, ba zai ma taɓa lura ba. Ga mai bidiyo kuwa ciwon kai ne. Kun ga ko a nan ma lambar kwalin ba ta faɗi abin da ya kamata a sani ba.

Abin da SSD ba ya warkarwa

Kar kuma in zama irin mai shagon can, in mayar da shi maganin a-sha-a-yi-wanka. Laftof mai ram giga 4, in ka buɗe shafi goma a Chrome za ta shaƙe ko da me ka sa mata, a kai ta 8. Wadda ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, in zafin Maris da Afrilu ya zo furosesa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, wannan buɗewa take so a hure ta a canza mata man sanyaya. Akwai kuma 'yan ƙananan nan masu kyan launi da ake sai wa yara, masu giga 32 ko 64, a ce maka ai SSD ne. Yawanci eMMC ne, an like shi a jikin madabod, ba ya ciruwa ba ya ƙaruwa, ka guje su.

Akwai ma hujja ɗaya mai ƙarfi da mai shagon Wunti zai iya kafawa da ya so gaskiya, amma bai kawo ta ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance, in furosesar Intel ce, yawanci sai ƙarni na 8 zuwa sama yake karɓa. Ta ɗan yayata EliteBook 8470p ce, mai furosesar Intel ƙarni na 3, tun wajen 2012. Wato ba laftof ɗin da za a narka wa dukiya ba ce, na yarda. Amma tsakanin narka dukiya da sai mata SSD ɗaya na SATA akwai nisa. Shekara biyu suka rage masa a makaranta, Word ne da PDF da ɗan AutoCAD. Kuma ranar da Allah ya hore ya canza, SSD ɗin ba ya bin ta, a zare shi a sa a kesin ya ci gaba da aiki.

Irin wannan tunanin nake yi duk sanda na shiga wani ofis ko makaranta na ga an jibge kwamfutoci a sito ƙura ta rufe su wai sun mutu, ana jiran a rubuta takardar sayo sababbi. Na rantse da za a ba ni sukundireba da kwalin SSD da yini biyu, da yawansu sai sun tashi.

Ranar Litinin na karɓi laftof ɗin yaron. Kafin in taɓa komai nace ya fito da wayarsa ya danna agogo. Daga danna maɓalli zuwa lokacin da Word ya yarda ya buɗe, minti biyu da daƙiƙa arba'in, har ya gaji ya fara duba saƙo. Na kifa ta, ita wannan ko sukur babu a murfinta, sakata ce ka ja ya zame. Na zare had dis ɗin, na kwance 'yan sukur huɗun da ke riƙe da ƙarfensa na mayar a jikin SSD mai 512 da na karɓo wurin wani da na daɗe ina ciniki da shi, na sa sabon Windows, na hure fankar, abin da ya fito daga ciki kamar an kakkaɓe tsohuwar tabarma. Bayan la'asar nace sake danna agogon. Daƙiƙa 22.

Ya kalle ni ya kalli laftof ɗin yace Kawu to wannan ai NVMe ɗin ne ko? Nace a'a, mai 550 ɗin ne da aka ce maka zamaninsa ya wuce. Ya kashe ta ya sake kunnawa har sau uku wai ko dai sa'a ce.

Tsohon had dis ɗin yana cikin kesin yanzu da duk finafinansa. Jiya da daddare ya turo min saƙo wai Kawu yanzu kuma batir ne, minti arba'in take yi ta mutu. Nace wannan kam ya je ya samu Ummansa, ni na yi nawa.